Gansakuka a Sabon Tankin Ruwan Gishiri: A San Ta Kafin a Yaƙe Ta

 

An nemi in yi magana a kan kiwon halittun teku a cikin tankin gilashi. Fanni ne mai faɗi, don haka na tsakuro abu guda daga cikinsa, wanda shi ne ya fi karya gwiwar masu farawa, wato gansakukar da ke mamaye sabon tanki a watanninsa na farko.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya sayi tanki, ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsu, ya haɗa ruwa da gishirin teku na kamfani har ya kai giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Sai ya zauna jira, domin sai bakteriya masu amfani sun zauna sun fara juya amoniya zuwa naitirait, naitirait zuwa naitiret, kafin kifi ya iya rayuwa a ciki. Wannan kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ranar da jira ya ƙare ya zuba kifi biyu ko uku, ya kunna fitila, ya kira iyali su sha kallo. Kafin mako biyu yashin nan fari fat ya koma ruwan ƙasa, gilashi ya dushe, duwatsu sun yi dauɗa. Hankalinsa ya tashi, sai shago, a ba shi maganin gansakuka. To a nan ake yin ɓarnar. Abin da muke haɗawa mu kira gansakuka ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ke cewa ka yi haƙuri za ta tafi da kanta. Akwai wadda ke cewa ruwanka ya cika datti. Akwai kuma wadda ke cewa ruwanka ya yi tsabta fiye da kima, yunwa ake yi a ciki. Dukkansu suna iya fitowa da launi kusan guda, maganin ɗaya kuma abincin ɗaya ne. Wanda bai tsaya ya tantance ba, da kuɗinsa zai sayi wahala.

Manomi ya san idan ya share sabuwar gona ya bar ta fili, ciyayi marasa amfani ne ke riga kowa fitowa da ruwan farko. Haka sabon dutse yake a cikin tanki, musamman busasshen farin dutsen da aka fi sayarwa yanzu, wanda babu wata halitta a jikinsa. Fili ne babu mai shi, ga haske, ga abinci. Wanda ya fi saurin hayayyafa shi ne zai fara kama wuri, daga baya masu ƙarfi su zo su ture shi. Sai an shafe watanni, wani lokaci har kusan shekara, kafin tanki ya daidaita.

Mai fara zuwa kusan kullum ita ce dayatom. Za ku gan ta kamar an barbaɗa garin ƙasa a kan yashi da gilashi, launinta tsakanin ruwan ƙasa da ruwan zinare. Ku sa yatsa ku shafa. Idan ta tashi kamar ƙura ta watse cikin ruwa, ba yauƙi, ba zare, ba ta ɓantaro a dunƙule, to ita ce. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, kuma tana gina wa kanta ɓawo da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Ba ta da hanyar yaɗuwa sai da silika, sabon yashi da sabon dutse kuwa suna sakinsa cikin ruwa a makonnin farko. Da zarar ta cinye abin da ke akwai, sai ta ja da baya ba tare da kowa ya kore ta ba, galibi cikin 'yan makonni.

Ina son in ɗan ratse a nan, domin wannan halitta ba baƙuwarmu ba ce. Hazon da ke rufe mana gari da hunturu, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙasa. Farar ƙasar nan ɓawon dayatom ce, ta ruwan daɗi, wadda ta rayu a babban tafkin Chadi na da, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da ya ninninka na yau girma. Tafkin ya janye, ɓawon ya saura. Kenan dangin abin da kuke gogewa a gilashin tanki ne kuke kakkaɓewa a kan tebur a watan Janairu. Kuma 'yan'uwanta da ke teku su ne ke samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Abin da ke da wannan daraja bai cancanci a zuba masa guba ba.

Abin yi game da dayatom kaɗan ne. A goge gilashi, a saka dodon koɗi irin su Trochus da Cerith waɗanda ke kiwo a kanta, a jira. Sai dai idan ta wuce wata biyu ko uku ba ta ragu ba, to akwai inda silika ke shigowa, kuma mafi yawan lokaci ta ruwan da ake ƙarawa ne. Ruwan burtsatse da na rijiya sun ratso duwatsu, suna ɗauke da silika, wani lokaci har da naitiret. Ruwan leda ma ba a tace shi don wannan aiki ba. Tankin gishiri yana bukatar ruwan da ya bi ta matata mai cire narkakkun sinadarai gaba ɗaya, har ma'auni ya nuna sifili. Wannan matata tana da tsada, amma ni a ganina gara mutum ya rage girman tanki ya saye ta da ya sayi babban tanki ya rasa ta.

Ta biyu ita ce sayanobakteriya, masu kiwo suna taƙaita sunan su ce sayano. Sunanta ya tona asirinta: bakteriya ce mai amfani da hasken rana. Launinta a tankin gishiri yawanci ja ne mai duhu, ko shunayya, wani lokaci kore mai duhu ko baƙi-baƙi. Ba ta barbaɗuwa, shimfiɗuwa take yi ta lulluɓe yashi da dutse, da santsi a samanta. Ku zuƙi ruwa a sirinji ku fesa mata. Idan gefenta ya ɗaga ta ɓantaro falle guda, kuka ga yashi fari tas a ƙarƙashinta, babu sauran shakka. Ku ɗago ta ku sansana, tana da warin laka. Ku kuma lura da inda take zama: lungu, bayan dutse, kusurwar da ruwa ba ya motsi, inda ragowar abinci da kashin kifi ke taruwa. Wurin da ta zaɓa shi ne yake gaya muku maganinta. A karkata injin kaɗa ruwa zuwa wajen, a zuƙe ta da tiyo lokacin canjin ruwa, a rage yawan abincin da ake zuba wa kifi.

Wasu kan ba da shawarar a zuba mata maganin kashe bakteriya irin na asibiti. Yana share ta cikin kwana biyu ko uku, gaskiya ne. Amma ku tuna tankin da muke magana a kai sabo ne, kuma an sha wahalar makonni ana jiran bakteriya su zauna. Magani ba ya tsayawa kan wadda ka tsana kaɗai. Ga shi kuma lungun da ya haife ta yana nan, za ta dawo, ko kuma wadda ta fi ta sharri ta gaje filin. Sayano ma dai tsohuwar halitta ce mai tarihi. Kakanninta ne suka fara cika sararin duniya da oksijin wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce, kuma dihe da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na Kanem su shanya a yashi don yin miya, 'yar gidansu ce.

Yanzu mun zo kan wadda na fi so ku buɗe kunne a kanta, dainofilajelet, ko daino a taƙaice. Ita ce ke rikita mutane, domin a kwanakinta na farko ba ta da bambanci da dayatom a ido: ruwan ƙasa ne a kan yashi. Mai tanki sai ya ce a ransa, ai wannan ita ce aka ce a yi haƙuri da ita. Yana haƙuri tana ƙara ƙarfi.

Ga alamominta. Tana da yauƙi. Idan rana ta yi nisa za ku ga zaruruwa masu kama da majina sun miƙe daga dutse suna lilo, kowane da ƙwayar iska maƙale a bakinsa. Da asuba kafin a kunna fitila ku leƙa, za ku tarar tanki ya yi fes kamar an share shi da dare. Kafin azahar ta dawo inda take. Dalili shi ne tana iyo. Kowace ƙwaya tana da 'yan bulalai biyu da take tuƙa kanta da su, da duhu wasu ire-irenta kan bar dutse su bazu cikin ruwa, wasu su nutse cikin yashi. Sayano ma takan ɗan dushe da dare, shi ya sa ba a dogara da alama ɗaya. Alama ta uku ita ce mafi muni: dodon koɗin da kuka sa don su yi shara sai su yi sanyi, su daina motsi, su fara faɗowa daga gilashi suna mutuwa. Da yawa daga cikin ire-iren daino suna da dafi.

Dafin nan ba na dodon koɗi kaɗai ba ne. A watan Yuli na 2005, a gaɓar birnin Genoa ta ƙasar Italiya, mutane kimanin 200 suka nemi magani a asibiti da tari da zazzaɓi da ƙaiƙayin ido da sarƙewar numfashi, bayan sun shaƙi feshin ruwan teku a lokacin da wata daino mai suna Ostreopsis ovata ta yi yawa a wurin. Jinsin Ostreopsis ɗin nan yana cikin waɗanda aka fi samu a tankunan gida. Don haka ina roƙonku, wanda yake zargin daino a tankinsa ya sa safar hannu, ya buɗe taga, kada ya ja tiyo da baki, kada kuma ya bar yara su yi wasa da ruwan da aka zubar.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A zuƙo abin da ruwansa a cikin kwalba, a rufe, a girgiza sosai har ya wargaje. A tace ta takardar goge hannu zuwa cikin kofin gilashi, ruwan zai fito kusan garau. A ajiye shi inda haske yake, a ba shi awa ɗaya ko biyu. Idan aka dawo aka tarar an sake haɗuwa, zare-zare ko dunƙule-dunƙule suna yawo a cikin kofin, daino ce. Ƙwayoyin sun ratsa takardar, sun yi iyo sun nemi juna. Dayatom ba ta yin haka, iyakarta ta kwanta a gindin kofi.

Amma hujjar da ta fi kowace ita ce madubin likita, kuma ba sai mai tsada ba. Irin na ɗakin gwajin makarantar sakandare, mai girmama abu sau 100 zuwa 400, ya isa. Ɗigo ɗaya a kan gilashi, sai gardama ta ƙare. Dayatom za ku gan ta da tsari, wata doguwa mai tsini a kai da gindi, wata murabba'i, tana kwance ko tana silalewa a hankali. Sayano siraran zaruruwa ne masu yawa a sarƙe, wasu suna ɗan rangaji. Ostreopsis tana da siffar ƙwayar riɗi, tana juyi a wuri ɗaya kamar an ɗaure tsininta da zare. Amphidinium mai siffar ƙwai ce da ɗan baki a gaba, tana kai da komo tana karo da 'yan'uwanta. Sanin jinsi yana da amfani domin hanyar yaƙarsu ta bambanta. Ostreopsis tana shiga ruwa da dare, don haka fitilar ultrabayolet da ruwa ke bi ta cikinta tana kashe ta. Manyan Amphidinium kuwa yashi suke komawa, fitilar ba za ta same su ba, wanda ya saye ta dominsu ya yi asara.

Me ke kawo daino? A nan ne abin ya saɓa wa abin da aka saba ji. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa daino ta fi bayyana a tankin da naitiret da fosfet suka faɗi zuwa sifili. Mutum ya ga dayatom ta farko ya tsorata, ya shiga canjin ruwa ba ƙaƙƙautawa, ya sa sinadarin tsotse fosfet, ya rage abincin kifi. Sauran ƙananan halittun da ke gogayya da daino sai yunwa ta kashe su, ita kuwa ta fi su jure rashi, wasu ire-irenta ma suna haɗa amfani da haske da cin wasu halittu. Sai fili ya zama nata. Kun ga kenan wanda ya ɗauke ta a matsayin alamar datti ya ƙara tsabtace ruwa, taimakonta yake yi. Abin da ake yi shi ne akasin haka. A dakatar da canjin ruwa na wani lokaci, a cire masu tsotse fosfet, a ƙara ciyarwa har naitiret ya koma tsakanin 5 da 10 a ma'auni, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. A sa gawayin tace ruwa don ya kama dafi. Wasu kan rufe tanki ruf ya kwana uku cikin duhu, wannan yana rage ta amma shi kaɗai ba ya gamawa da ita. Waɗanda ke fama da mai zaman yashi har silika suke ƙarawa da gangan, don dayatom ta dawo ta ƙwace wurin.

Kada wannan ya sa ku tsani dangin daino gaba ɗaya. Murjanin da ake kafa tankin dominsa, irin wanda ya ƙawata Bahar Maliya daga gaɓar Port Sudan zuwa ta Jidda, da wata daino yake rayuwa. Tana zaune cikin naman jikinsa, tana sarrafa haske tana ba shi mafi yawan abincinsa. Idan zafi ya yi yawa ya kore ta, shi ne murjani ke yin fari, har yana iya mutuwa. Shi ya sa ake riƙe ruwan tanki tsakanin digiri 24 da 26, abin da ke da wuya a garuruwanmu a watan Afrilu in babu na'urar sanyaya ruwa ko aƙalla fanka mai hura saman tanki. Ɗaukewar wuta kuma tana tsayar da injin kaɗa ruwa, tsayayyen ruwa mai ɗumi kuwa shi sayano ke nema. Wanda ba shi da sola ko batir da zai riƙe injin nan ko da fitila ta mutu, shawarata ya jinkirta kafa tankin.

Korayen gansakuka kuwa ba su da wuyar ganewa, ba zan daɗe a kansu ba. Akwai ɗan koren da ke dusar da gilashi kowane kwana biyu, wannan alamar lafiya ce, a goge kawai. Akwai mai gashi, Derbesia, siraran zaruruwa masu laushi da ke tsirowa a dutse, tana tugewa da hannu, dodon koɗi da bushiyar teku suna cinta in ba ta yi tsawo ba. Akwai Bryopsis, wadda idan kuka ciro reshe ɗaya kuka duba za ku ga siffar gashin tsuntsu. Tana kama dutse da ƙarfi, halittun da ke kiwo a dutse ba su cika son cinta ba, gutsurenta kuma yana tsirowa a wani wuri, don haka a fitar da dutsen waje kafin a taɓa ta. Sai Valonia, koren ƙwallo mai sheƙi, wanda duk girmansa ƙwayar halitta ɗaya ce tak ko da ya kai santimita 4. A murɗe shi a hankali a ciro.

Abu ɗaya dai ku riƙe game da mai gashi. Sau da yawa tanki zai cika da ita, a gwada ruwa a ga fosfet sifili, mai tanki ya rasa gane kansa. Fosfet ɗin yana nan, tana shanye shi ne tun kafin ma'auni ya gan shi, kuma dutsen kansa yana iya riƙe fosfet ya riƙa sakinsa a hankali na tsawon watanni. Sifili tare da dajin kore daban, sifili tare da yauƙin ruwan ƙasa daban. Ba a karanta ma'auni sai an haɗa da abin da ido ya gani.

Akwai kuma wadda ake maraba da ita. Bayan wasu watanni za ku fara ganin ɗigo-ɗigo ruwan hoda ko shunayya a kan dutse da jikin inji. Sabon mai kiwo yakan ɗauka sayano ce. A fesa mata ruwa, ba za ta motsa ba. A kankara da farce, tauri gare ta, sai da reza take fita daga gilashi. Gansakuka ce mai gina jikinta da alli, kuma fitowarta na nuna cewa kalsiyam ya tsaya wajen 400 zuwa 450 kuma ruwa ya daina hawa da sauka. Duk inda ta lulluɓe, mai gashi ba ta samun wurin kamawa cikin sauƙi.

Saura maganar inda ake zubar da abin da aka ciro. A 1984 aka ga wata koriyar ciyawar tanki mai suna Caulerpa taxifolia a teku, ƙarƙashin gidan adana halittun ruwa na Monaco, faɗinta bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Irin da aka raina a tankunan Turai ne, mai jure sanyi. Kafin shekara 20 ta mamaye dubban hekta a gaɓar Faransa da Italiya da Sifen da Kuroshiya da Tunisiya, tana danne ciyawar asali da kifi ke fakewa a ciki. Da ta ɓulla a Kalifoniya ta Amurka a 2000, sai da aka lulluɓe ta da tamfol aka zuba sinadarin kulorin a ƙarƙashi, aka kashe miliyoyin daloli, kafin a tabbatar da kawar da ita a 2006. Mu da ke nesa da teku wannan haɗari bai kai mana haka ba, amma ɗalibanmu suna zuwa aiki Legas da Fatakwal da Kwatano da Accra. Duk abin da aka tuge daga tanki, a shanya shi ya bushe ƙayau ko a daskarar da shi, a ƙulle a leda a jefa a shara. Kada ya bi kwata ko magudanar da ke kaiwa ga ruwa.

Nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.